Sa Hannu a Kan Hoto: Me Ya Sa Tawadar Maka Take Ƙin Bushewa?

Wata Asabar cikin watan Yuni, ana yayyafi, ɗan yayata ya shigo gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, rungume da ambulan kamar wanda ya ɗauko jariri. Tun da hantsi ya tafi taron masoya ƙwallo da aka shirya a wani zaure kusa da filin wasa na Baba Yara, inda wani ɗan wasa da yake ƙauna tun yana firamare ya zo gaisawa da jama'a. Ya bi layi aka ɗauke su hoto tare, aka wanke hoton nan take, ya sake bin wani layin, ɗan wasan ya sa masa hannu da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki (marker), mai ruwan azurfa. Masu taron suka zura hoton cikin wata leda mai kauri suka miƙa masa, ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya, ya dawo. Da ya zo nuna mana, sai ledar ta ƙi rabuwa da hoton. Ya ja a hankali. Rabin sa hannun ya biyo ledar, sauran ya baje a kan rigar ɗan wasan kamar an ja yatsa a kan toka.

"Kawu, ni na ɓata shi, ko?" Abin da ya fara tambayata ke nan, muryarsa na rawa.

Na ce masa a'a, kuma ba rarrashinsa nake yi ba. Na yi shekaru ina aiki a wani shagon ɗaukar hoto a Adum, cikin garin Kumasi, tun zamanin da ake wanke fim har zuwa lokacin da na'urorin buga hoto daga kwamfuta suka karɓe kasuwa, kuma na ga irin wannan ɓarna sau da yawa. Kusan kullum mai hoton ne yake ɗora wa kansa laifi, alhali an riga an gama yanke wa hoton hukunci tun kafin ya shiga layi, a lokacin da wani ya zaɓi takardar da za a buga hoton, wani kuma ya sayo makar da za a sa hannu da ita, ba tare da ɗayansu ya gwada su tare ba.

Kalmar "bushewa" ita ce ta fara ruɗar da mu, domin abu biyu muke kira da suna ɗaya. Idan ka rubuta da biro a littafin makaranta, takardar ce take shanye tawadar, ta shige tsakanin zaruruwanta, kamar yadda yashi yake shanye ruwan alwala. Ba sai ruwan tawadar ya tashi ba, ya isa kawai ya bar sama ya koma ciki. Haka abin yake idan ɗan wasa ya sa hannu a kan riga: yadi yana sha. Hanya ta biyu ita ce ta shanya, wato ruwan ya bi iska ya tafi, ya bar launin a manne. A kan abin da ba ya sha, kamar gilashi ko roba ko kwano, wannan hanya ta biyu kaɗai ta rage. Fuskar yawancin hotuna masu sheƙi kuwa, duk da muna ce mata takarda, ta fi kusa da kwano nesa ba kusa ba.

Mu buɗe makar tukuna. A cikin maka irin wadda ake cewa ba ta gogewa akwai abu uku: launi, da wani ɗanko da zai riƙe launin a jikin abin da aka rubuta, da ruwan da ya narkar da su biyun don su iya bi ta bakin makar. Tsoffin makoki, tun daga Magic Marker da Sidney Rosenthal ya fito da ita a Amurka a 1953, suna amfani da sinadarai masu kaifin wari irin su zailin da toluwin, waɗanda suke hawa kai. Daga baya yawancin kamfanoni suka koma dangin sifirit, 'yan uwan wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti. Sharpie, wadda ta fito a 1964 kuma ta zama makar da aka fi sani a wuraren sa hannu, tana cikin masu amfani da wannan dangi. Sai dai sifirit ɗin ba iri ɗaya ba ne. Itanol yana tafasa a digiri 78 a ma'aunin Salshiyos, furofanol a 97, butanol a wajen 118, wani kuma da ake kira dayasiton sai ya haura 160. Wanda yake tafasa da wuri shi ne yake saurin bin iska. Masu haɗa tawada suna gauraya mai gaggawa da mai nawa da gangan, domin da mai gaggawar kaɗai suka zuba, da bakin makar ya ƙafe tun mai rubutu bai kai ƙarshen sunansa ba. To wannan mai nawar, wanda yake ceton makar a hannun ɗan wasan da zai sa hannu sau ɗari uku hular makar a buɗe, shi ne yake daɗewa a fuskar hoton bayan sauran sun tafi. Ka taɓa da yatsa ka ji kamar ya bushe, amma ɗankon bai gama ƙanƙamewa ba.

Makar azurfa da ta zinariya, irin wadda aka yi wa ɗan yayata amfani da ita, nata sha'anin ya fi haka wuya. Baƙar maka da shuɗiya rini ne a cikinsu, launi narkakke, siriri, kamar ruwan baba. Ta azurfa kuwa fenti ce: ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ne, galibi alminiyom, suke yawo cikin ruwan, shi ya sa wasu daga cikinsu sai an girgiza su an ji ƙwallon ciki yana ƙara, a danna bakin kafin su zubo. Ana son su ne saboda suna fitowa fes a kan hoto mai duhu, inda baƙar tawada za ta ɓace. Amma suna zuba da kauri, kuma abu mai kauri daga sama yake fara bushewa. Duk wanda ya taɓa ajiye kokonsa na safe ya huce ya san yadda yana take rufe saman kofin alhali ƙasan yana nan da zafinsa, ruwa-ruwa. Haka layin azurfa yake yi. Yanar da ta rufe sama ita ce ma take tare wa ruwan ƙasa hanyar fita. Da an danna shi da leda ko da wani hoton, sai yanar ta fashe. Idan kuma ba a girgiza makar da kyau ba, ruwan ne yake fara fitowa da ɗan ƙarfe kaɗan, layin ya zo a jiƙe sharkaf.

Akwai kuma makokin fenti masu ruwa zalla, irin su Posca ta Japan da masu zane suke so. Su ba su da wari, amma tun da ruwa ne zai tashi daga cikinsu, bushewarsu tana hannun yanayi kacokan. Zan dawo kan wannan.

Yanzu hoton kansa. A nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin mutane suna kallon hotuna biyu masu sheƙi su ɗauka abu ɗaya ne, alhali a wajen tawada sun sha bamban kamar ƙasa da siminti.

Iri na farko shi ne hoton da ake wankewa da sinadari a manyan na'urorin shaguna, irin na Kodak da Fujifilm, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 ake lulluɓe takardarsa gaba da baya da siririyar roba, don kada ta sha ruwan wanki ta daɗe ba ta bushe ba. A saman robar ake shimfiɗa jelatin, wani abu mai kama da daskararren romon ƙafar saniya, wanda daga fata da ƙashin dabbobi ake samo shi, kuma a cikinsa launukan hoton suke zaune. Baƙar maka tana kama wannan fuska da kyau idan ta bushe sarai. Matsalar jelatin ita ce ƙishirwa. Yana jan laima daga iska ya kumbura ya yi taushi, shi ya sa tsoffin hotunan aure da na suna da aka jibge cikin akwati suke mannewa da juna bayan damina biyu ko uku. Rubutu a kan jelatin da ya sha laima tamkar fenti ne a kan bangon da bai gama bushewa ba.

Na biyu shi ne wanda aka fi amfani da shi a taruka, domin yana fitar da hoto cikin ƙasa da minti ɗaya ko kusa da haka. Na'urar ba ta fesa tawada. Wani zare ne mai faɗi kamar leda a cikinta, mai ɗauke da launuka, zafi yake tura launin daga zaren zuwa cikin fuskar takardar. Wanda ya taɓa kallon ƙaramar Canon Selphy tana aiki ya ga takardar tana shiga tana fita sau huɗu: rawaya, ja-ja, shuɗi, sannan zagaye na ƙarshe wanda ba ya ƙara launi. Wannan na ƙarshen rufi ne garai-garai da ake shimfiɗawa don ya kare hoton daga ruwa da shatin yatsa. Manyan na'urori irin na DNP da masu ɗaukar hoton biki suke yawo da su haka suke aiki. Rufin yana aikinsa yadda ya kamata, sai dai bai san bambanci tsakanin ruwan sama da tawadar ɗan wasa ba. Ba ya shan komai. Duk abin da aka zuba masa a sama zai zauna, yana jiran iska.

A taron masoya na ƙasashen waje, irin wanda ake yi a San Diyego ta Amurka tun 1970, tsarin da aka saba shi ne a ɗauki hoto da tauraron, a buga shi a girman inci 8 da 10, mutum ya wuce teburin sa hannu da shi. Wannan tsari ne masu shirya taruka a Kumasi da Accra suka ɗauko, ko na 'yan ƙwallo ne, ko mawaƙa, ko 'yan fim da suke zuwa zango lokacin bukukuwan Sallah. Sun ɗauko tsarin, amma can a zaure mai sanyin na'ura da busasshiyar iska ake yi, mu kuwa sau da yawa a ƙarƙashin rumfa muke, hadari yana haɗuwa.

Na uku shi ne hoton firinta mai fesa tawada. Takardunta masu sheƙi iri biyu ne. Akwai mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, wadda take zuƙe tawada nan take, har idan ka ɗora yatsa mai ɗan gumi za ka ji tana kama shi. A kan wannan maka tana bushewa kusan kafin a ɗaga hannu. Akwai kuma mai rufin da yake kumbura idan ya sha ruwa, ya haɗiye tawadar sannu a hankali. Wannan a lokacin damina tana iya kwana tana danƙo ko ba a rubuta mata komai ba. Idan kuma hoton bai daɗe da fitowa daga firinta ba, sifirit ɗin makar yana iya narkar da launin da ke ƙasa, su cakuɗe.

Na huɗu, hoton firintar leza da fastocin da ake bugawa a maɗaba'a a shafe su da wanis mai ƙyalli. Garin launin firintar leza roba ce da ake narkarwa da zafi, kuma akwai kaki ko mai a tare da ita don kada ta manne wa na'urar. A kan irin wannan fuska ne za ka ga abin da ya fi ba masu sa hannu haushi: layin yana tsinkewa, tawadar tana dunƙulewa ɗigo-ɗigo. Kowa a Kumasi ya ga yadda ruwan sama yake taruwa ƙwallo-ƙwallo a kan ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, ya gangare ba tare da ya jiƙa shi ba. Dalilin ɗaya ne. Fuskar ta fi ƙarfin ruwan santsi, sai ruwan ya gwammace ya rungumi kansa. Ɗigon da ya dunƙule kuma ya fi siririn layi kauri, don haka ya fi shi daɗewa a jiƙe, kuma ko ya bushe riƙonsa ba shi da ƙarfi.

Ba sai an je maɗaba'a ba ma kafin a samu ganyen kontomire. Hannunmu yana yin sa. Man kaɗe, basilin, man gashi, gumin wanda ya yi awa biyu a layi, maiƙon soyayyen doya da aka ci kafin a shigo, duk suna barin siririn shafi a inda yatsa ya taɓa. Tun zuwan korona a 2020 an ƙara da man tsabtace hannu, wanda ya haɗa illa biyu: sifirit ɗin cikinsa yana narkar da busasshiyar tawada, gilisarin ɗin da aka sa don kada fata ta bushe kuma yana zama a kan hoton ba ya tashi. Na sha ganin sa hannu ya fito lafiya ƙalau daga farko, ya tsinke a daidai wuri ɗaya mai faɗin babban yatsa, sannan ya ci gaba.

Sai yanayi. Duk matar da ta yi shanya a unguwar Asawase cikin watan Yuni ko Oktoba ta san tufafi suna iya wuni a igiya su shigo ɗaki da sanyinsu, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani. Maka mai ruwa zalla haka take fama. Mai sifirit ta fi ta sauƙi, amma ita ma ba ta tsira ba: sifirit yana jan ruwa daga iska, kuma yayin da yake tashi yana sanyaya wurin, laima ta sauka a kai. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, maka ɗaya da takarda ɗaya za su ba ka sakamakon da ba za ka gane su ba. Akwai wani tarko kuma da ba a cika lura da shi ba. Idan hoto ya daɗe a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri aka fito da shi cikin zafi da laima, raɓa tana kwanta masa kamar yadda take kwanta wa ledar ruwan sanyi da aka ciro daga firij, sai dai siririya ce, ido ba ya kama ta. A sa hannu a kan wannan raɓa, ko a rufe ta cikin leda, an gama.

Ledar ita ce ta ƙarasa hoton ɗan yayata, kuma a kanta ne na fi jin takaici, domin da niyyar alheri aka ba shi ita. Tawadar da take jiran iska aka toshe wa iska. Sannan aka matse ta a ƙirji cikin trotro, ga zafin jiki, ga cunkoso. Amma ko da an bar sa hannun ya bushe sarai, irin wannan leda ba abokiyar zama ba ce. Ledoji masu taushi da kauri, masu warin sabon labulen banɗaki ko sabuwar tabarmar roba, yawanci PVC ne, wanda asalinsa abu ne mai tauri kamar bututun ruwa. Don ya yi laushi ake cuɗa shi da wani mai, kuma man nan ba ya zama wuri ɗaya, yana tsattsafowa a hankali tsawon watanni. Idan ya tarar da ɗankon tawada sai ya jiƙa shi ya mai da shi danƙo. Wanda ya taɓa ajiye fotokwafin takardar shaida cikin irin wannan leda ya ciro ya tarar rubutun ya koma jikin ledar, ya ga wannan aiki da idonsa. Shi ya sa wani zai rantse maka cewa sa hannunsa ya bushe tun bara, bana kuma ya sake jiƙewa. Gaskiya ya faɗa. Idan akwai alamar kusurwa uku a jikin ledar, lamba 3 ita ce PVC, a guje ta. Lamba 5, da 4, da 1 su ne waɗanda masu adana hotuna suke yarda da su. Idan babu alama, hanci ya isa: wadda ba ta da wari, siririya, mai ɗan ƙara idan an motsa ta, ta fi aminci.

Akwai tawadar da ba za ta taɓa bushewa ba ko a shekara, kuma wannan matsala tamu ce ta nan gida. A Kejetia da sauran kasuwanni makoki iri-iri ne, na gaske da na jabu a kwali ɗaya, sunan da ke jiki ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Ga kuma al'adarmu ta rashin yar da abu: maka ta ƙafe, sai a buɗe gindinta a ɗura mata abin da ya samu. Idan tawadar hatimi aka ɗura, irin ta ofis da ake dangwala tambari a kai, an yi ta ne musamman don kada ta bushe a fili, shi ya sa kushin hatimin yake wata da watanni a jiƙe. Sai takarda ta shanye ta take kamawa. A kan hoto mai sheƙi za ta zauna nan har abada tana jiran a shafe ta. Makar farin allo ta makaranta kuma, wadda a ido ba ta da maraba da ta dindindin, an sa mata wani mai ne da gangan don ya hana launin kama allo. Tana bushewa, amma ta zama gari, hannun riga kawai ya isa ya share ta. A teburin da ake gaggawa, inda aka zube makoki biyar a gaban baƙo, ba wanda yake karanta jikinsu.

To idan abin ya riga ya faru, ko ana tsoron faruwarsa, me ya rage?

Kafin komai, a ɗauki hoton hoton da waya, a tsaye, cikin haske mai kyau, tun sa hannun yana cikakke. Sannan a riƙe shi ta gefe-gefe, fuskarsa sama, a ƙi karɓar leda ko ambulan a wannan lokacin ko da an miƙo. A gwajin da na sha yi a shago, baƙar maka mai kyau a kan hoto mai tsabta takan daina shafuwa cikin minti ɗaya ko biyu, ta azurfa kuwa nakan ba ta kwata ɗin awa kafin in yarda wani abu ya kusance ta, sannan in bar kowacce ta kwana a buɗe kafin in rufe. Dabarar da ta fi kowacce sauƙi ita ce kwali marar zurfi mai murfi, irin na riga ko na takalmi: hoton ya kwanta a ƙasa, murfin bai taɓa shi ba, a shiga trotro da shi hankali kwance. A gida a ajiye shi ƙarƙashin fanka, nesa da kicin da taga. 'Yan ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani suna taimakawa idan an zuba su a gefen kwalin. Kada a hura da baki, numfashi laima ne. Kada a gwada da yatsa a tsakiyar sunan. Idan dole sai an duba, a karkata hoton a gaban haske: inda yake jiƙe yana ƙyalli daban da inda ya bushe.

Yawancin hotunan da aka kawo mini a lalace, garin neman gira aka rasa ido. Wani ya shanya a rana, hoton ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe. Wani ya barbaɗa hoda, ta manne cikin tawadar ta zama laka. Wani ya fesa turare ko feshin gashi wai don ya kama, alhali sifirit ne a cikinsu, sunan ya narke ya gangaro. Wanda ya fi yawa kuma shi ne laminetin. Mun saba kai duk takarda mai daraja a rufe mana ita da roba mai zafi, daga katin awo har takardar makaranta, don haka hankalin mutum can yake fara zuwa. Zafin na'urar yana narkar da tawada ya baje ta, yana iya motsa launin hoton da aka buga da zafi tun asali, kuma abin da aka rufe ba ya buɗuwa. Idan bayan kwana uku ko huɗu a ƙarƙashin fanka sa hannun yana nan da danƙo, mai yiwuwa tawadar mai maiƙo ce, jira ba zai ƙara komai ba. Abin yi shi ne a sa shi a firam yadda babu abin da zai taɓa fuskarsa.

Wanda zai je da hotonsa daga gida yana da dama fiye da wanda za a buga wa a wurin. Ya nemi a buga masa a takarda marar sheƙi sosai, mai ɗan kaushi, ya buga biyu, ya sayi makarsa, ya gwada a kan ɗayan a ranar da yanayinta ya yi kama da ranar taron. Ya goge wurin sa hannun da busasshen ƙyalle mai laushi. Masu tara katunan 'yan wasa a ƙasashen waje sukan ɗan murza wurin da farin magogin fensir don su rage santsin kafin a sa hannu. Yana aiki a kan wasu fuskokin, yana ƙazanta wasu, don haka a hoton gwaji ake fara shi.

Amma yaro ɗan shekara 15 da ya tara kuɗin tikiti daga kuɗin makarantarsa bai kamata a ce sai ya san jelatin da PVC kafin ya koma gida da abin da ya biya ba. Nauyin yana kan masu shirya taro da masu ɗaukar hoton da suka ɗauka aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin taro, a buga hoto biyar a na'urar da za a yi aiki da ita, a ja layi da kowace maka, a duba agogo, a ware wadda ta fi kamawa, a kwashe sauran daga teburin gaba ɗaya. A tanadi dogon benci da fanka a bayan teburin sa hannu, inda mutum zai tsaya minti biyar kafin ya fita. A sa mutum ɗaya yana faɗa wa kowa ya riƙe ta gefe. Duk wannan ba wani abu ne mai tsada ba. Ɗan wasan da ya zo yau, wataƙila shekara mai zuwa yana Turai ko ƙasashen Larabawa, kuma ga yawancin waɗanda suka bi layin nan, haɗuwar ke nan.

Ko sa hannun ya bushe lafiya, sauran aiki yana wajen ajiya. Tawadar rini ba ta jure haske. Baƙar da aka rataye a bangon da rana take dukansa takan koma ruwan ƙasa ko shunayya cikin 'yan shekaru, wani lokaci da rawayan shati a gefen layin. Ta fenti ta fi ta juriya a nan, ita da ta fi wahalar bushewa. Idan za a sa a firam, a ce wa mai firam ya yanka kwali mai taga ya sa tsakanin hoton da gilashin, domin a laimar Kumasi hoton da ya jingina da gilashi mannewa yake yi, ranar da aka zo cirewa fuskarsa ta biyo gilashin. Kada a rataye shi a bangon da yake jiƙewa da damina.

Na ɗan yayata, ban yi ƙoƙarin gyara shi ba, kuma na hana shi bin sawun layin da wata makar kamar yadda abokansa suka ba shi shawara. Na yanke ɓangaren ledar da rabin sunan ya manne a kai, na bar shi ya sha iska mako guda tare da hoton. Mai firam a Alabar ya yanka mana kwali mai taga biyu, babba da ƙarama. Hoton yana sama, guntun ledar yana ƙasa a kan baƙar takarda, inda azurfar take fitowa sosai, har ana iya karanta haruffa ukun ƙarshe na sunan da lambar rigar da ɗan wasan ya rubuta a gefe.